Matan da Na Taras a Gida

Ko tsufa ya kwashe mini sauran labarai, ba na jin zai taɓa na shekarar da na kusa korar makarantar matan aure daga unguwarmu a Kebbe, ni da na fi kowa son a buɗe ta.

Wata malama ce daga Tambuwal ta yarda za ta riƙa zuwa tana koya mana karatu da hukuncin ibada. Sharaɗinta ɗaya: in mata ba su taru ba, za ta kai ajin wani gari, don hanyar nan a kan kabu-kabu ba ta wasa ba ce. Da yake na gama sakandare, ni aka ɗora wa zagayawa in ji lokacin da mata suka fi so, in rubuto sana'ar kowacce, shekarunta da yawan 'ya'yanta.

Na ja layuka a littafi, na ji ni wata babbar ma'aikaciya. Kullum sai na gama aikin gida na yi azahar, sannan in yafa hijabi in leƙa maƙwabta. Duk wadda na tambaya sai ta ce, "Kamar yanzu haka ya yi." Kwana uku ina jin amsa ɗaya, har ina yi wa Allah godiya da Ya haɗa kanmu. Na aika wa malama cewa bayan azahar kowa ke so.

Ranar farko mu bakwai muka zauna a kan tabarmi goma sha biyu. Malama ta dubi tabarmin, ta dube ni, ga ƙafafunta sun yi futu-futu. A hankali ta ce za ta ƙara mana mako ɗaya. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Na koma gida na taras da ƙanwar maigidana, wadda ke karatun ƙididdiga a Sakkwato, ta zo hutu. Ta karɓi littafin tana dubawa, sai dariya.

"Matar Yaya, su wa kinka tambaya?"

"Waɗanda na taras gida mana."

"Da wane lokaci?"

"Bayan azahar."

"To kin iske mace zaune bayan azahar, kin ce yaushe take zaune. Mi za ta ce miki?"

Sai a nan na gane. Masu tallar nono ba sa dawowa sai la'asar, ga shi lokacin kaka ne, rabin matan suna wurin sussuka. Ko ɗaya ban ji ta bakinsu ba.

Ba ta ƙyale ni ba. Ta nuna layin 'ya'ya, inda na rubuta abin da aka faɗa mini: "Alhamdu lillahi," "Suna nan," "Allah Ya ba mu." A layin shekaru kuwa wata tsohuwa ta ce shekarar da fara ta cinye gero aka haife ta, ni ma na rubuta hakan.

"Wanga layi lamba yaka so," in ji ta. "Na sana'a shi ne na suna, a ce manomiya ko mai nono. Alhamdu lillahi nawa za mu tara?"

Na ce ke ma kin san uwa ba ta ƙirga ɗiyanta a gaban mutane, balle ɗan fari.

"Sai ki ce nawa ka cin tuwo ɗakinta. Wannan za ta faɗi."

Washegari muka rubuta gidajen unguwar a guntayen takardu, muka kasa uku: na manoma, na masu shanu, na masu sana'ar cikin gida. Kowane kashi muka zuba a ƙwarya, muka girgiza, na rufe ido na zaro biyar. Har gidan wata da ba ma ga maciji ya fito. Na so in mayar, ta buge mini hannu. Na je, aka kuwa karɓe ni da fura. Wasu sai da na bi su masussuka.

Amsar da ta rinjaya ita ce safiyar Juma'a, ranar da ba a cika zuwa gona ba. Juma'ar da ta biyo sai da aka aro tabarmi, malama kuma ta zauna da mu shekaru.

Na koyi cewa bakin waɗanda ke kusa da kai ba shi ne bakin gari ba. Har yau in na ji an ce "kowa ya ce," nakan tambaya a raina: su wa aka taras a gida?