Ashe a Bakin Turmi Aka Haife Ta

Jiya a motar Mayahi zuwa Tasawa na kunna waƙar da na fi so a salula: wani mawaƙi da gitarsa, yana jan murya kamar mai kuka. Ita nake ji duk sanda raina ya ɓaci, don in sha baƙin cikina.

Tsohuwar da ke gefena ta taɓo ni. "Ɗana, wa ya kashe wa waƙar nan jiki? Ta daka ce fa! Da haka muke jan ta, ai da gida ya kwana ba tuwo."

Sai ta kama tafi da sauri tana rerawa, matan baya suna amshi.

Yau na sake kunnawa, na nemi baƙin cikin na rasa, taɓarya kawai nake ji. Ku fa, kun san inda taku ta fito?