Kifin ƙarshe na Kawu Shehu

Da safen nan ina gidan mai shan fetur, sai abokina Idi ya kira ni ya ce Kawu Shehu ya rasu.

Na ce wane Shehu? Alhali Shehu ɗaya muka sani ni da shi.

Na Allah ne mu, gare Shi za mu koma. Ku yi haƙuri da rubutun.

Ga waɗanda ba su san shi ba, mutumin Yawuri ne, direban wani gida a unguwar Nasiriyya, ɗakinsu ɗaya da Idi a unguwar Batha. Ba kawuna ba ne na jini. Farkon zuwana ƙasar nan iƙamata, wato takardar izinin zama, ba ta fito ba, ko ƙofar gida tsoron leƙawa nake yi, shi yake hawo min da shinkafa a leda duk ya taso aiki. Shi ya raka ni wurin kafili, mutumin da ya tsaya min na shigo ƙasar, ya yi min tafinta. Ranar da aka haifi 'yata Amira, kafin in isa asibiti na tarar da shi a bakin ƙofa riƙe da fulas ɗin shayi.

Ɗan masunta ne, Allah Ya kawo shi garin da babu kogi. Shi ya sa duk sanda ya samu hutun Juma'a da Asabar, sai ya ɗauki fatsarsa da kularsa ya bi motar gabas har bakin teku.

Akwai kifin da yake nema a can. Faffaɗa ne kamar faifai, cikinsa fari, bayansa kalar taɓo, idanunsa duka biyun a gefe ɗaya. Wani Bafilifine da suke kamu tare ya ce masa sunansa halibot. Kawu dai “mai ido gefe” yake ce masa.

Sau ɗaya na taɓa bin sa.

Ban ji daɗin wurin ba. Ruwa ne kwance, mai ɗumi, ba ya ko motsin kirki. Can nesa ana hango bututun masana'antu, wuta na ci a bakinsa da rana tsaka. Kawu ya naɗe wando ya shiga ruwan har gwiwa, ya wurga fatsa, ya tsaya cik. Na daɗe ina kallon bayansa. Leɓunansa na motsi, na ɗauka zikiri yake yi. Da ya fito na tambaye shi, sai ya yi murmushi ya ce, “Babana nake ba labarin ruwan nan. Bai taɓa ganin irinsa ba.”

Mahaifin nasa ya rasu tun Kawu yana saurayi.

Kifin nan ya jawo gardama a tsakaninmu. A ƙasan ruwa yake kwana, cikin laka, duk abin da ya nutse a kansa yake sauka. Mun tambayi 'yan'uwanmu ɗaliban addini, suka ce halal ne, abincin teku ne. Amma ko yana da lafiya a ci, ga jiragen ruwa ga masana'antu, wannan babu wanda ya iya ce mana e ko a'a.

Sai Kawu ya ɗora wa kansa doka. Duk kamun da ya kawo zai rarraba mana, kowa ya sa a firiza, amma shi zai fara ci, shi kaɗai. Idan ya tashi lafiya sai ya bi mu da waya ɗaya bayan ɗaya: “Na kwana lafiya, ku ci.”

Mun sha yi masa dariya a kan haka. Ya ce shi ya gama girma, mu ne masu ƙananan yara.

Jiya bayan la'asar ya zo gidana a Badi'a, kai tsaye daga tasha, yashi bai bar ƙafarsa ba. Ya ƙi zama. Ya buɗe kula a bakin ƙofa ya zaro ɗaya, ban taɓa ganin ya kama mai girmansa ba.

Na ce, “Kawu, wannan karon teku ta yi kyauta.”

Ya ce, “Ta yi. Amma Nura, ban gane mata ba. Ƙananan kifaye ne matattu jere a bakin ruwa, tsuntsu ko ɗaya bai sauka a kansu ba. Wannan kuma bai yi kokawa da ni ba. Ina ja yana biyowa, kamar da ma ni yake jira.”

Na ce to a zubar mana.

Ya girgiza kai. Ya ce ba zai zubar da abinci a kan zato ba, zai gwada kamar kullum. Har ya fara sauka daga bene ya juyo, ya ɗago min yatsa.

“Kada a ɗora tukunya sai na kira.”

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Idi ya ce Kawu ya soya nasa bayan magariba ya ci, ya hana shi ko ɗanɗanawa. Da asuba tare suka je masallaci suka dawo. Kawu ya ce jikinsa ya yi nauyi, zai ɗan huta kafin ya fita aiki. Idi ya sauka sayo gurasa. Da ya dawo ya same shi zaune a bakin gado, waya a hannu, ido a buɗe. Idi ya yi ta magana shi kaɗai, har ya zuba masa shayi, kafin ya gane ya rasu.

Ina ajiye wayar Idi na kira Maman Amira.

Na ce, “Kin taɓa kifin?”

Ta ce ta fito da shi tun ɗazu, yana cikin roba ƙanƙara na narkewa, tunda ta san Kawu zai kira. Na ce ta mayar da shi, ta wanke hannu da sabulu. Ta ce da ma Amira ta ƙi shiga kicin, tana ta faɗi da Larabci wai kifin kallonta yake yi.

Ina hanyar Batha sai saƙon murya ya shigo wayata. Daga lambar Kawu.

Na gangara gefen titi na tsaya. Na san bayanin, wataƙila ya ɗauka ne kafin rai ya fita, netwok ya riƙe shi sai yanzu. Na san da haka. Duk da haka na jima ban danna ba.

Ƙarar ruwa ce a ciki. Ruwa mai zuwa yana komawa a hankali, irin na bakin teku. Sai numfashinsa. Sai ya ce, “Nura.” Ya ce, “Kifin nan…” Daga nan ruwa kawai, har saƙon ya ƙare.

Na kunna wa Idi a cikin ɗakin nasu. Babu ruwa a ɗakin sai bokitin da ake tarar ɗigon esi. Idi ya saurara har ƙarshe, ya ce don Allah kada in sake kunnawa.

Ban san abin da ya so ya faɗa ba. Ko “ku ci” ne, ko “kada ku ci”.

Kuma ban ce kifi ne ajalinsa ba. Kawu yana da hawan jini, kwana ne ya ƙare. Likitoci ba su ce komai ba tukuna. Yanzu haka shi yana tallajar asibiti, wato firijin ajiye gawa, kifinsa yana cikin tawa.

Don haka duk wanda Kawu ya kai wa kaso jiya, a Batha ne ko a Badi'a, don girman Allah kada ku ci, kada ku ba kowa. Kada kuma ku zubar, ko likitoci za su nema. Wanda ya riga ya ci ya je a duba shi yau, ko da ba ya jin komai. Ku tura wa duk wanda kuka san yana karɓa a wurinsa.

Za a sanar da lokacin jana'iza idan takardu sun kammala.

Ya Allah, bawanka Shehu ya zo gare Ka daga ƙasar da ba tasa ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya zuciyar iyalinsa a Yawuri. Yadda ya riƙa shiga gaba don 'ya'yanmu su ci lafiya, Ka sa shi a sahun gaba ranar da za a shayar da bayinKa.

Wanda ya karanta har nan, ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce. Shehu sunansa.