Ruwan da Ƙanwata Take Aunawa

Shekarar da ƙanwata ta dawo Garwa daga aikin jirgin ruwa, Baba ya karɓi bayaninta hannu biyu. Ni ne na ƙi. Wata huɗu ba mu ji muryarta ba, sai ga ta ta yi baƙi ta rame.

Muna cin tuwon dawa a tsakar gida Baba ya tambaye ta me suke yi a tekun.

"Ruwa muke ɗiba, Baba. Mu zura kwalabe da igiyar ƙarfe har ƙasan teku, mu jawo."

Ta ce lakar ƙasan teku tana sakin wani sinadari, radiyom, ɗan kaɗan, kuma Allah ya yi shi yana raguwa a kan lokaci sananne. In sun auna abin da ya rage, sai su san tun yaushe ruwan ya rabu da ƙasa, da inda ya dosa.

Ni atamfa nake sayarwa a babbar kasuwa. Ban taɓa ganin wanda ya tayar da jirgi guda don kawai ya san inda ruwa ya dosa ba. Na tuna baƙin da suka taɓa zuwa wajen garin Poli suna ƙwanƙwasa duwatsu, daga baya muka ji yuraniyom, ma'adinin nukiliya, suke nema.

Na ce, "Ke, ba guba suke zubawa ba, ku kuna duba musu ko ta bazu?"

Ta ajiye lomar hannunta, ba ta ƙara ci ba.

Washegari ta ja ni gadar Binuwai. Damina ce, kogin ya yi jajir.

"Yaya, daga ina wannan ruwan?"

"Daga duwatsu mana. Ga jar ƙasa nan."

"To aikinmu ke nan. Tamu ƙasar ce ido ba ya gani."

Wannan kam na gane. Amma na ce, "Masu jirgin, me za su yi da amsar?"

Ta kalli kwale-kwalen masunta ta ce, "Sun ce tafiyar ruwan ƙasan teku tana taɓa zafi da damina har nan. Abin da na auna, na tsaya a kansa. Zuciyar kowa kuwa ban auna ba."

Na ce to duk abin da ta rubuta musu, ta riƙa aiko mana kwafi gida.

Ta aiko kuwa, shafi-shafi da Faransanci, da taswira mai launuka. Suna shago ƙarƙashin atamfofi. Har yau ban sami wanda na amince ya karanta mini ba.