Ba Jirginki Ba Ne, Mama

Ina shekara ta uku da fara sayar wa mutane tikitin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa abin ya faru. Ainihin aikina a wani kantin magani ne a bakin titin Gate City Boulevard, a garin Greensboro na Amurka, ina ƙirga ƙwayoyi ina zubawa a kwalba. Harkar tikiti kuwa a waya nake yinta, lokacin hutun cin abinci ko a cikin mota ina jiran yarana su fito daga makaranta. Ban taɓa sa ƙafata a jirgin ba a lokacin, amma na san shi kamar yunwar cikina.

Abu na farko da mutum ke koya a wannan sana'a shi ne kowane jirgi da irin mutanensa. Na kwana uku ko huɗu da ke tashi daga Florida, samari da 'yan mata ne suka fi cika shi, da ƙawayen amare, kiɗa tun da sassafe. Na mako guda lokacin dogon hutun makaranta na masu iyali ne, yara ko'ina kamar an fasa gidan tururuwa. Mai zuwa Alaska kallon ƙanƙara sai waɗanda 'ya'yansu suka girma suka bar gida. Ƙananan da ke bin kogunan Turai kuwa furfura ce zalla, da sanduna da kwalaben magani. Amma duk wannan sabo ne kawai, ba doka ba. Babu jirgin da ke korar mutum don ya tsufa, kuma na san haka sarai.

Mu shida ne ƙawaye, dukanmu daga arewa, kowace da miji da yara da aiki. Babbarmu nas ce, tana zaune a Pleasant Garden cikin wani gida mai faɗin fili, kuma abin da ta ce shi ake yi. Ta bakwai a guruf ɗinmu na waya ita ce Mama. 'Yar Damagaram ce, ta riga mu duka zuwa Greensboro. Ta yi shekaru tana wanki da guga a otal har gwiwoyinta suka ƙi, sai ta koma riƙon yara a ɗakinta na haya, bayan shagon da muke sayen naman halal. Mijinta ya rasu tun kafin in zo ƙasar, ɗanta ɗaya direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai leƙo ba. Duk 'ya'yanmu a bayanta suka yi wayo. Da na haifi ta fari, ita ta kwana bakwai a gidana tana yi mini ruwan zafi da kunun kanwa. Mun sa ta a guruf ne don a nan muke faɗin wadda za ta kawo yaro da ƙarfe nawa. Ba ta rubutu, murya take aikowa.

Wata rana na samo mana jirgin kwana huɗu, na tura hotunansa a guruf na ce mata zalla, mu je mu huta. Kafin kowa ta amsa sai ga muryar Mama.

"'Yata, wannan bato ɗin, jirgin ruwan nan naku, a sa sunana. Shekara ashirin da wani abu ina ƙasar nan, ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama."

Ba a yi awa ɗaya ba nas ta buɗe sabon guruf, mu shida. Ta ce in Mama ta tafi, wa zai riƙe mana yara? Mazanmu wani yana aikin dare, wani yana kan hanya, wani ko madara bai iya haɗawa ba. Wata ta ƙara da cewa mu tuna da bakin tsofaffi, duk wadda ta cire mayafi a bakin ruwa kafin mu dawo an ji a masallaci. Wannan ƙazafi ne. Babu wadda Mama ba ta riƙe wa asiri ba a cikinmu, har da mai maganar. Amma ba wadda ta musa.

Nas ta rubuto mini, "Ke ce gwanar jirage. Ki san yadda za ki yi da ita."

Na yi kwana goma ina jan ƙafa, sannan na je wurin Mama ranar Asabar bayan la'asar. Na tarar ta riga ta yi nisa. Ta sa ɗan maƙwabta ya duba mata fasfo, bai mutu ba. Ta ɗinka atamfa kala uku. Ta daka citta da kanumfari ta ƙulle a leda, wai an ce mata ruwa yana tayar da zuciya. A tsakiyar ɗakin ga sabon akwati ja mai tayoyi huɗu, ko takardar shago ba a cire ba.

"Kin ga walis ɗina?" ta ce, ta tura shi ya gangaro har gabana. "Da kansa yake tafiya."

Na zauna na ci dambun da ta zubo mini, har da ƙari. Sannan na fito da waya na nuna mata hotunan da na zaɓo tun a mota: samari ba riga riƙe da kofunan giya, 'yan mata kusan tsirara suna tsalle a bakin kududdufin wanka. Ta kawar da kai.

"To ai ku ma ba shiga cikinsu za ku yi ba. Inda kuka zauna nan zan zauna."

Ban shirya wa wannan amsar ba. Sai na ji bakina yana cewa kamfanin ba ya ɗaukar wanda ya haura sittin a wannan jirgin, sai da takardar likita ta musamman, kuma lokacin karɓarta ya wuce. Na faɗe shi da muryar da nake yi wa masu sayen magani bayani. Na ce, "Ba jirginki ba ne, Mama. Naki daban ne." Na nuna mata wani ƙaramin jirgin kogi, Turawa masu farin gashi a zaune da bargo a gwiwa suna shan shayi. Ta daɗe tana kallonsu.

"Waɗannan da wane yare zan yi musu magana?"

"Ai tare za mu. Baɗi in Allah ya kai mu."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi gardama ba, don a wurinta duk abin da ya fito daga ofis da takarda ba a ja da shi. Ban tashi daga kujerar nan ba sai da na faɗa mata cewa yara tara za a kawo mata ranar Alhamis. Ta ce ba komai, a zo da bargunansu. Da zan fita ta ga ina kallon akwatin, ta ce in ɗauka tunda nawa ya tsufa. Na ɗauka.

Tun a layin shiga jirgi na ga abin da na riga na sani. Gabanmu wasu tsofaffin baƙaƙen Amurka ne su kusan ashirin, mata, sanye da riguna iri ɗaya, 'yan coci ɗaya. Wata a keken guragu ake turo ta, ta kusa haifar Mama. Nas ta taɓo ni da gwiwar hannu ta ce, "Ga sa'o'in mutuniyarki can, duk sun kawo takardar likita." Muka yi dariya har da riƙe ciki. Kwana huɗun nan wannan ne barkwancinmu. In aka kawo abincin da ba mu sani ba, sai wata ta kwaikwayi muryar Mama ta ce, "'Yata, wannan bato ɗin akwai tuwo?" Ni na fi kowa iya kwaikwayonta, don na fi kowa jin muryarta. Ba zan ce ban ji daɗin tafiyar ba. Na yi barcin da rabona da shi tun kafin in haihu.

Da na je ɗaukar yarana na mayar mata da akwatin, taya ɗaya ta karye a wurin sauke kaya. Na kawo mata tsarabar wani ɗan maganaɗisu mai hoton jirgi da ake mannawa a firji. Ta yi godiya, ta ce in ba ta wayar ta ga hotuna. Ta sa tabarau, ta zauna a bakin gado. Ba mu take kallo ba. Kowane hoto sai ta sa yatsu biyu ta buɗe shi, ta leƙa bayanmu. A na wurin cin abinci ta tsaya. Matar nan ta keken guragu ce a teburin da ke bayanmu, baki buɗe tana dariya, ba haƙori ko ɗaya.

"Wannan shekarunta nawa?"

"Ban sani ba, Mama. Ƙila ta kawo takardarta da wuri."

"Ni ma ina da likita," ta ce. Ta miƙo mini wayar, ta tashi tana haɗa takalman yara.

Ba ta sake tayar da maganar ba. Yara muka ci gaba da kai mata kamar kullum. Sau ɗaya, wajen ƙarshen sanyi, ta tambaye ni labarin jirgin kogin, na ce ana duba lokaci.

Shekarar da ta biyo baya muka ce da mazanmu da yaranmu za mu, jirgin mako guda na masu iyali. Manyan yara akwai inda ake tara su a yi musu wasa, amma a lokacin nas tana da jariri, wasu biyu kuma suna da 'yan tatata. Nas ta ce ita ba za ta biya kuɗin hutu ta je ta yi reno ba. Aka sake aikena.

Na ce, "Mama, jirginki ya samu. Wannan na iyali ne, har da kakanni ake so."

"Takardar likita fa?"

"Wannan ba ya nema."

Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai, sannan ta ce, "To." Ɗanta ne ya biya mata tikiti, ba mu ba. Ni na zaɓi ɗakin: can ƙasa, a tsakiyar jirgi, babu taga, dab da na nas don saukin miƙa jariri. Mu sauran, namu suna sama, kowane da ɗan barandarsa mai kallon ruwa.

Da safe a kai mata yaran uku, da yamma a ɗauka, wani lokacin a bar mata su kwana. Abinci a faranti muke aika mata. Ranar da jirgi ya tsaya a tsibiri muka sauka duka muka bar ta a ciki, muka ce yashi ba zai yi wa gwiwarta daɗi ba. Sau biyu ta ce in raka ta sama, don lif ɗin da ke kai mutane sama yana rikita ta kuma ba ta karanta alamomin. Na farko na ce bari in yi wanka. Na biyu na ce gobe.

Ranar ƙarshe da azahar muna zaune a saman jirgi muna cin abinci, sai ga ta. Yadda ta yi ta gano hanya ban sani ba. Ta goya jaririn nas da zanen atamfar nan sabuwa, ta riƙe sauran biyun a hannu ɗaya, ɗayan hannun tana dafa bango. Ta ja ƙafa har bakin ƙarfen da aka kewaye jirgin da shi, ta tsaya. Ranar hadari ce, ruwan toka-toka, ba a rarrabe shi da sama. Ba ta fi minti biyu a tsaye ba nas ta hango ta, ta miƙe da cokali a hannu.

"Mama, wa ya ce ki fito mini da yaro cikin wannan iskar? In ya kamu da mura ke za ki kai shi asibiti? Abu ɗaya aka sa ki."

Da Hausa ta faɗa, amma da ƙarfi, mutanen teburan kusa duk suka juyo. Mazanmu suka duƙufa kan farantansu. Mama ta ce, "Yi haƙuri." Ta juya da yaran. Da ta zo wucewa ta gefena ta tsaya, ta tambaye ni a hankali wace lamba za ta danna ta koma ƙasa. Na faɗa mata. Ban tashi ba, kifina bai ƙare ba.

Awa tara muka yi a mota muna dawowa, tana kujerar baya ta motarmu tsakanin yarana. Salati ta riƙa yi, a wani gidan mai kuma ta roƙi mijina ya ɗan jira ta yi sallah.

Kafin azumin shekarar ta aiko da murya a guruf cewa ta daina riƙon yara, ɗanta ya kama gida a Ohio zai tafi da ita a yi mata aikin gwiwa. Ta nemi gafarar kowa, ta ambaci yaran ɗaya bayan ɗaya ta sa musu albarka. Amsar farko da ta shigo daga nas ce, tana tambaya ko Mama za ta iya ƙara mako biyu kafin mu samu wata. Ta ƙara. Muka samu wata 'yar Maraɗi a East Greensboro, matashiya, mai mota. Ranar da za a kwashe kayan Mama Asabar ce, mu biyu ne kawai muka je sallama, ni kuma ban zauna ba don na bar yara a mota.

Bayan tafiyarta nas ta ce a cire ta daga guruf a sa sabuwar, kada saƙonninmu su riƙa damunta. Ni ke riƙe da guruf ɗin, ni na cire ta.

Ta kira ni sau ɗaya daga Ohio, watanni bayan aikin. Ta ce tana takawa da sanda, garin akwai sanyi, ba ta san kowa ba tukuna. Ta tambayi 'yata ta fari, ko har yanzu tana ƙin cin albasa. Akwai layin mutane a gabana a kanti, sai na ce mata ina wurin aiki, zan kira in na tashi. Ta ce to, Allah ya yi albarka. An kusa shekara biyu ke nan.