Ƙuri'ar da Kawu Bai Kaɗa Ba

Jiya na ga an fara manna fastocin 'yan takarar ƙananan hukumomi a Gusau, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Bai taɓa fashin zaɓen kansila ba. Yakan ce, "Shugaban ƙasa bai san ni ba, amma kansila na san ƙofar gidansu."

A zaɓensa na ƙarshe ƙafafunsa sun kumbura, ni na kai shi rumfarmu ta Kwatarkwashi a babur. Ɗan maƙwabcinsa ne ke takara, wanda ya girma yana cin tuwo a zauren Kawu. Muka zauna gindin dogonyaro tun hantsi, katinsa a hannu har ya jiƙe da gumi. Har la'asar ba akwati, ba malaman zaɓe.

Washegari rediyo ta ce ɗan maƙwabcin ya lashe, har da ƙuri'un rumfarmu. Kawu ya daɗe yana kallon babban yatsansa da tawada ba ta taɓa ba.

"Ai shi na je zaɓa," ya ce a hankali. "Da ya bari na ba shi da hannuna."

Bai ƙara ambaton sunansa ba har ya rasu. Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ya bi maka haƙƙinka.