Katakon Koriya da Ya Mayar da Ni Bichi

Batha zuwa filin jirgi

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na tayar da mota daga unguwar Batha, can ƙasar Larabawa, zan ɗauko wani baƙon kamfani a filin jirgi. Kamfanin gini na 'yan Koriya nake wa tuƙi, amma iƙamata, wato takardar zama, sunan wani kafili take ɗauke da shi, ubangidan da ya tsaya mini a takarda, mutumin da sau biyu na taɓa gani cikin shekara goma sha huɗu. A lokacin kuwa kamen irinmu ake yi. Duk wanda aka samu yana aiki ba wajen kafilinsa ba, sai gida.

Kilomita arba'in ne. Na yi sallah a hanya, shida saura na isa.

Baƙon

Tsoho ne ɗan tsurut, da tafintan kamfani a bayansa, sun rungumo wani dogon abu naɗe da farin ƙyalle. Tafinta ya ce abin kiɗa ne, sunansa gayagum, tsirkiya goma sha biyu ta siliki, tsohon kuma gwani ne da gwamnatinsu ke ji da shi. Har kujera aka saya wa katakon a jirgi.

Na buɗe but, tsoho ya girgiza kai. Sai da muka kwantar da kujerar gaba aka shimfiɗe shi, aka ɗaura masa bel.

Na ce wa tafinta, "Mudir, mu bi ta baya. Akwai shinge a babban titi."

Suka yi yarensu. Tafinta ya ce, "Baba ya ce gargada tana gusar da 'yan itatuwan da ke tokare da tsirkiya. Bi mai santsi."

"Ni kuma takarduna fa?"

"Ba za su tsayar da mu ba."

Shinge, bakwai da kwata

Suka tsayar da mu. Askari, ɗan sandansu, ya leƙo, ya ga farin ƙyalle tsawon mutum.

"Gawa ce?"

Aka kwance. Tsoho ya zauna a bakin titi ya ɗora abin a cinya, yana kaɗawa da dama, hagu na danna tsirkiya tana rawa. Ni ba na son kiɗa. Amma wannan kamar tsohuwa ce ke kuka a ɗaki ba ta so a ji. Motoci na wucewa, askari ya tsaya yana saurare, ni ma haka. Da tsoho ya gama, askarin har dariya ya yi, ya ce masha Allah. Sannan ya juyo.

"Direba, iƙama."

Tsoho bai gane ba sai da ya ga an karɓe makulli. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, yana ta sunkuyar da kai. Tafinta ya ce kamfani zai zo.

Tarhil

Kwana ashirin da uku a gidan da ake tara waɗanda za a kora. Gurasa da wake da safe, shinkafa da rana. Bargo ɗaya mu biyu da wani Bahabashe. Kamfani bai zo ba. Kafili ya kashe waya.

Gida

Muka sauka Kano da azahar, na hau motar Bichi, la'asar na shiga gida. Ƙanena Sabi'u ya fito yana leƙen bayana.

"Yaya, kayan suna tasha ne?"

Na miƙa masa ledar hannuna.

Na gode Allah da na iso da ƙafata. Na gode wa Bahabashen nan da ya bar mini silifas ɗinsa. Shi kaɗai ya sallame ni.