Ƙafafun Hajiya a Ƙofar Otel

Har yau in na bi ta gaban otel ɗin nan na bakin kwalta, inda motocin Ƙonni da Maraɗi ke wucewa, nakan kau da kai in dubi ɗaya gefen. An sake masa fenti, an sauya mai kula da shi, an ma dasa 'yan itatuwa a ƙofa, amma ni ban yafe wa wurin ba. Shekara biyu na yi a ciki ina karɓar baƙi, kuma a cikinsa na ci amanar uwata da hannuna.

Inna mai gyaran jiki ce. Tun kafin in yi wayo mata ke shigowa gidanmu a Madawa, amare da masu jego da waɗanda kawai suka gaji da ganin kaushi a dugadugansu. Ta murza musu dilka, ta shafa kurkum, ta zaunar da su kan kaskon turare ta lulluɓe da bargo, a ƙarshe ta ƙunsa musu lalle. Duk wannan wasu ma sun iya. Abin da ya sa ake tsallake gidaje goma a zo wurinta shi ne bakinta. Mace ta tuɓe a gabanta, ta ga tabon duka ko ƙaramin ciki ko ramar da ake ɓoyewa cikin manyan riguna, kuma ko ni da nake 'yarta ban taɓa jin ta furta ko ɗaya ba. Tana da wata doka da ta ɗora wa kanta: in ta haɗu da wadda ta yi wa aiki a kasuwa ko gidan suna, ba ta fara gaishe ta, don kada wani ya ga sabo a tsakaninsu ya fara tambaya. Sai matar ta gaishe ta, sannan ta amsa. Baƙi kan ɗauka girman kai ne, matan gari kuwa sun san dalili.

Mai kula da otel ɗin, wanda kowa ke kira jeran, daga Yamai aka kawo mana shi. Ɗan Madawa ne, a nan aka yanke masa cibiya, amma ya dawo yana yi mana kallon waɗanda aka manta a ƙauye. Kullum cikin kwat, ko da ranar da ƙadangare ke neman inuwa. Shi ya sa a riƙa kawo wa baƙi tuwon dawa a ɗan mulmule kamar ƙwai, a tsakiyar farin faranti, da miyar kuka cokali biyu a gefe. Kilishin da ake sayowa a tasha, shi ya sa a yanka shi da almakashi a jera. 'Yan furoje, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da suka zo taron kwana uku su ci, su ɗauki hoto, su yaba, da sun fita kuma su tsaya wurin mai tsire su cika cikinsu. Ran Asabar da la'asar yakan kira makaɗa su zauna a farfajiya, ya ce su rage sauti kada su dami masu waya, kuma kada su yi wa kowa kirari. Makaɗin da aka hana shi kirari, ban san me ya rage masa ba. Haka za su yi ta taɓa kalangu a hankali suna kallon ƙasa.

Da jeran ya ce zai buɗe ɗakin gyaran jiki don matan manya da baƙi, ni na kai sunan Inna. Ina so a san ni ma 'yar wata ce. Na dame ta kwana da kwanaki. Na ce akwai sanyin inji, akwai famfo, ba za ta ƙara jan guga ba.

"Ɗiyata, ni ba sanyi nike nema ba," in ji ta. "Ɗakin na da ƙohwa ta baya?"

Na ce akwai, ta wajen madafa, mai fita lungu.

"To ki hwaɗa mishi, in ina aiki ba mai shiga. Ko shi, ko ke."

Jeran ya yarda nan take. Irinsa ba sa wahalar cewa to.

Wata biyu aiki ya tafi lafiya. Abin da ban zata ba, matan gari sun fi baƙi zuwa. Ƙofar bayan nan ta yi musu daɗi, don a unguwarmu ko akuya ta shiga gida sai an san ta wane ce. A cikinsu akwai wata da zan kira Hajiya kawai, mai sayar da atamfa. Mijinta ya rasu, ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma cif, ta fita da 'yan makonni. Tana zaune da 'ya'yanta a babban gidan dangin mijin, cikin ƙannensa mata da ba su da aikin da ya wuce lura da ita. Wani mai fataucin albasa daga Buza ya aiko da magana, ita ma ranta ya kwanta, amma ba ta so dangin su ji kafin manya su zauna. Duk wannan daga baya na ji shi a bakin gari. Ranar da ta zo, abin da na sani kawai ta shigo ta lungu da hantsi, ta ja mayafi har hanci.

A makon ne jeran ya tashi da abin da ya kira makon al'adu: abincin gargajiya, kiɗa, da gyaran jiki. Yana son hotuna don talla. Ya ɗauki na tuwo, ya ɗauki na makaɗa, saura ɗakin Inna. Ya tambaye ta, ta ce a'a, ba ta ko ɗago kai daga kwaɓin lalle ba. Sai ya dawo kaina. Ya tsaya a gaban teburina yana kaɗa makullin mota.

"Ke da kika yi lakkwal, ke ma tunaninki irin na tsohi ne? Ba huska nike so ba. Hannu ko ƙahwa, shi ke nan. Wa zai gane ƙahwa?"

Maganar lakkwal ɗin, wato karatun boko, ita ce ta kama ni. Ba tsoron kora ba ne, ba zan yi wa kaina wannan ƙaryar ba. So nake ya ɗauke ni wayayyiya irinsa.

Na jira har Inna ta fito zuwa madafa ɗebo garwashi. Na tura ƙofar a hankali. Hajiya na kwance a kan gado, ta rufe fuska da gefen zane, barci ya ɗan ɗauke ta. An kwance ƙunshin, an wanke, an shafa mai, lallen ya kama ja har ya yi duhu, zanen da Inna ta fitar da salatif ya fito ras. Na ɗaga wayar salula na ɗauki hoton ƙafafun sau ɗaya, na fita kafin Inna ta dawo. Ban ko duba hoton sosai ba na tura masa.

Na ɗauka a waya zai tsaya, ɗan ƙarami, cikin sauran. Ran Alhamis da safe na sauka daga kan babur na ga an ɗaure wani ƙaton ƙyalle a saman ƙofar otel, yana fuskantar kwalta. Tuwo a gefe ɗaya, kalangu a ɗaya gefen, a tsakiya kuma ƙafafu biyu, kowace ta fi ni tsawo. A saman idon sawun hagu ga tabon kurkunu nan, zagayayye, mai sheƙi, kusa da shi kuma ƙaramin yatsa da ya hau kan ɗan'uwansa.

Jeran ya manta, ni ma na manta, cewa a garin nan da ƙafa ake zama. Mata na cire takalmi a ƙofar ɗaki, su miƙe ƙafa a tabarma a gidan biki, su yi alwala a tsakar gida a gaban juna. Hajiya kuwa shekara nawa tana zaune a rumfarta ta miƙe ƙafafu tana auna atamfa da kamu, kowace mai saye ta sunkuya a kan tabon nan. Ko labarinsa an sani, ta same shi tun tana yarinya a wani ƙauye wajen Urno, lokacin da ake shan ruwan tabki. Da fuskarta aka sa ma, da wataƙila an ɗan yi gardama.

Kafin azahar labari ya gama gari. Ba wanda ya ce Hajiya ta je gyaran jiki wurin tsohuwa mai mutunci. Cewa aka yi an ga Hajiya a otel, kwance a kan gado, da jan lalle, ƙasar kabarin mijinta ko bushewa ba ta yi ba. Masu kabu-kabu suna rage gudu su nuna wa fasinja. Matan da suka sha shiga ta lungun nan da kansu, su suka fi kowa riƙe baki suna salati. Na tsane su ranar, kuma har yanzu in na tuna fuskokinsu raina ɓaci yake.

Na shiga ofishin jeran ba sallama, na ce a sauke ƙyallen. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Sauke mi? Kin ga yadda mutane ke tsayawa suna kallo? Ai talla ke nan. Kuma babu huska, babu suna. In wata ta ce ƙahwarta ce, ita taf hwaɗi."

Ya ci gaba da danna waya. Baƙi na can farfajiya suna cin ɗan tuwonsu, makaɗa na taɓa kalangu a hankali. Ƙyallen bai sauka ba sai da makon ya ƙare.

Inna ba ta zo aiki ranar ba, wata maƙwabciya ta riga ta kai mata labari. Na koma gida da la'asar na same ta a tsakar gida tana tankaɗe garin lalle. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da na ji sauƙi.

"Lokacin da nit tahi ɗebo wuta ne?" ta tambaya.

Na ce e.

Ta gyaɗa kai, ta ajiye rariya, ta ɗauki mayafi. Na bi ta a baya har gidan su Hajiya, ba ta ce in zo ba, ba ta ce in koma ba. Ƙannen mijin na zaune a tsakar gida, suka amsa sallama da ƙyar, idanunsu a kan Inna kamar an kawo musu shaida. Hajiya na cikin ɗaki, ta sa safa a cikin zafin nan. Inna ta durƙusa a bakin ƙofa, ita da ta girme ta nesa ba kusa ba.

"Hajiya, ki gahwarce ni. Ni nib bar ƙohwa buɗe."

Na buɗe baki zan ce ni ce, Inna ta miƙo hannu baya ta matse mini gwiwa har na ji zafi. Hajiya ta dube ta.

"Inna, kowa anka ce ya yi min wanga, sai in yarda. Ke kuwa ban da inda zan aje shi."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Mai albasar Buza bai sake aikowa ba. Bayan 'yan watanni Hajiya ta kwashe 'ya'yanta ta koma wurin 'yan'uwanta, tana zuwa Madawa ran kasuwa kawai.

Na bar aikin a ƙarshen watan. Jeran bai tambayi dalili ba, ya ɗauko wata mai gyaran jiki daga Yamai wadda ke ɗaukar hoton kowa da yardarsa, da fuska da komai. Inna ta koma ɗakinta na gida, ta share, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta jera kaskon turare. Ta jira. Amare sun ci gaba da zuwa jefi-jefi, don amarya ba ta da abin ɓoyo, uwayenta ne ke rako ta da guɗa. Amma masu zuwa su kaɗai da mayafi har hanci, waɗanda saboda su Inna ta zama Inna, ko ɗaya ba ta sake taka gidanmu ba. Na sha gaya wa mutane cewa ni na ɗauki hoton, a gidan suna, a bakin famfo, duk inda na ga an taru. Sai su ce ai ɗiya ce ke rufa wa uwarta asiri, Allah ya yi mini albarka. Ko gaskiyar ma ba su bar ni da ita ba.

Wata ran kasuwa, bayan kusan shekara, na raka Inna sayen kurkum. Muna cikin layin masu atamfa sai ga Hajiya a rumfarta, da safa a ƙafa. Inna ta rage tafiya kamar yadda ta saba, ta sunkuyar da kai tana jiran gaisuwa. Hajiya ta ci gaba da ninke zane har muka wuce.

Muka yi gaba kaɗan, sai ga wata matar ma'aikaci da na san ta sha zuwa gidanmu a da. Tun daga nesa na ji Inna ta ɗaga murya.

"Ina wuni, ɗiyata? Ya gida, ya yara?"

Matar ta amsa a ɗan rikice ta wuce. Na dubi Inna, na ce ai ba ta saba fara gaisuwa ba.

"To mi nike ɓoye ma wa yanzu?" ta ce. Ta gyara ƙullin kurkum a hannunta, ta gaida ta gaba ma.